Tafinta Tsakanin Nima da Yamai

A wajen sunan jikar ƙanwata a unguwar Maamobi da ke Akra, wata yarinya da ta gama jami'a bana ta tambaye ni aikin da na yi kafin in zauna a gida. Na ce mata tafinta. Ta ce, "Anti Memuna, ai wannan aiki ya mutu. Waya yana yi yanzu." Ta ciro wayarta ta yi mata Turanci, wayar ta mayar mata da Faransanci, ƙawayenta suka tafa. Wani saurayi a gefe ya ce shi kam da ma irin aikin yake nema, mutum ya zauna cikin sanyin otal yana maimaita abin da wani ya faɗa, kuma a biya shi. Ban yi musu da su ba, don an riga an tada kiɗa. Amma tunda haka kuke ganinsa, bari in gaya muku yadda sauƙin nasa yake.

Mahaifina mutumin Ƙonni ne, fataucin albasa ya kawo shi Akra. Mahaifiyata kuwa haifaffiyar unguwar Nima ce, a nan Akra. Don haka Hausa biyu na tashi da ita a gida, ta Baba mai raba mace da namiji, da ta Inna wadda kowa a cikinta "shi" ne, har ita kanta. Firamare a Yamai na yi ta wurin gwaggona, na dawo da Faransanci, na ƙarasa karatu a nan da Turanci. Twi da Ga kuwa ba a koya wa ɗan Nima, a trotro, motar hayarmu, yake tsintarsu.

Aikina na farko ba wanda ya sa ni. A asibitin unguwa na tarar da wata mata daga Nijar, nas tana yi mata tsawa da Twi, ita kuma tana kallon bakinta. Na shiga tsakani, na faɗa wa nas abin da matar ta ce, na ƙara da abin da nake ganin ya kamata ta ce. Da muka fito sai wani tsoho da ke zaune a benci ya kira ni. Baba Tanko ke nan, wanda ya yi tafintan kotu har ya yi ritaya, yana zaune a Lagos Town da kuke ce wa New Town. Ya ce, "'Yata, harsuna kina da su. Amma abin da kika yi wa matar nan ba tafinta ba ne, lauya kika yi mata. In kina so ki koya, ki zo gobe."

A zaurensa na koyi sana'ar. Zai kunna rediyo lokacin labarai, ya ce in riƙa bin mai karantawa a baya da jimla guda, ina faɗar wadda ta wuce ina sauraron mai zuwa. In na tsaya neman kalma sai ya buga sandarsa a ƙasa, wai mai magana ba ya jiran tafinta. Ranar kasuwa kuma ya aike ni kasuwar Nima in nemi inda ake faɗa, in tsaya in saurara, in dawo masa da zagin kowane ɓangare cikin harshen da ba da shi aka yi ba. Na sha juya ashar ɗin Ga zuwa Faransanci a gaban tsoho mai carbi a hannu, yana gyara mini. Cewa yake duk wanda bai iya kai zagi inda aka aike shi ba, gaisuwa kawai ya iya. Shi ya hana ni cewa "wai ya ce". Mai magana in ya ce "ni", ke ma ki ce "ni", ko da namiji ne mai gemu, ko da ɓarawo ne. Gishirin da ya zuba shi za ki kai, ba ƙari ba ragi.

Kayan aikin ba su da yawa. Ruwa wanda bai ga firji ba, citta da kanumfari a ƙullin mayafi saboda maƙogwaro, takalmi shimfiɗaɗɗe don tsayuwa, biro da 'yar takarda saboda sunayen magunguna. Sauran duk kunne ne da numfashi.

Aikin da ya cinye mini rabin rayuwa ya zo ne ta hannun Dakta Adjoa, likitar zuciya a jami'a, gajeruwar mace mai magana kamar ana korarta. Tana haɗa wata ƙungiya ta masu bincike, su a Akra, wasu likitoci daga Kano, wani Dakta Mahamadu daga Yamai, da wata Farfesa Helen daga wata jami'a a Turai, wadda ta hannunta tallafin yake fitowa. Ni an ɗauke ni ne don ranar da za su shiga unguwa, amma aka ce in zauna a taron farko in saba da kalmominsu. A otal aka yi, kusa da filin jirgi. Dakta Mahamadu da mutanen Kano suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa da na'ura a kunne. Shi ya yi Faransanci, wani mutumin Lome da ke cikin akwatin gilashi a bayan ɗaki ya juya zuwa Turanci, sannan na Kano su gyaɗa kai. In an fita hutu sai ka ji su suna "ina gajiya, yaya iyali, yaya damina a wajenku", har da tsokanar juna. Ana kaɗa ƙararrawa su koma su sa na'ura, su sake zama baƙin juna.

Fannin nasu sabo ne a lokacin, sunansa ma yini guda suka yi suna gardama a kansa. Ni dai na rubuta "ilimin aiwatarwa", na ga ya yi kyau a takarda. Washegari muka je gaishe da dattawan Nima, na miƙe na ce waɗannan baƙi sun zo ne a kan ilimin aiwatarwa. Wani dattijo ya tambaya ko ana ɗaukarsa ta iska. Dakta Adjoa ta ga abin ya tsaya, ta ce in faɗa musu wannan: "Uwata tana da hawan jini. Ni likitar zuciya ce, ni na rubuta mata magani, maganin kuma yana aiki, duniya ta tabbatar. Yana cikin jakarta, tana zuwa coci da shi, tana zuwa jana'iza da shi, ba ta sha. Mu ba sabon magani muke nema ba. Abin da ke tsakanin jaka da baki muke bincike." Na faɗa da "ni", kamar yadda aka koya mini. Zauren ya ɗauki dariya, don kusan kowane dattijo a wurin yana da tasa jakar. Wata tsohuwa da ta san Inna ta jawo mayafina ta ce, "Memuna, yaushe uwanka ya fara zuwa coci?"

Gwajin farko a shagunan aski aka yi. Mazan Nima ba sa zuwa asibiti sai an ɗauke su, amma aski ba ya wuce su. Aka koya wa masu aski awon jini, aka ba su na'ura, nas tana zagayawa tana ganin waɗanda nasu ya hau. Akwai wani Fuseini mai shago wajen Kawukudi, shi ya fara kawo ƙara. Ya ce wa Dakta Adjoa, da kiran aboki irin na 'yan Akra, "Chale, Dakta, mutum ya zo aski lafiya lau, ya fita da ciwo. Kwastoma na yana gudu." Ashe yana gama awo sai ya ɗaga murya ya faɗi sakamako gaban kowa, kamar mai sanar da ƙwallo. Dakta ba ta yi masa faɗa ba, zama ta yi ta rubuta, don irin wannan shi ne ainihin abin da suke nema. Aka koma nuna wa mutum lambarsa a tafin hannu. Daga baya ita da kanta ta lura cewa duk maza ake aunawa, uwarta ko shekara nawa za a yi ba za ta shiga shagon aski ba, sai aka shigo da masu kitso.

Da abin ya kama a Nima, sai aka ce a kai shi Kano da Yamai, a yi shi sak yadda aka yi a nan. Farfesa Helen tana da wani zane mai akwatuna da kibiyoyi, da wata kalma da take yawan faɗa, ma'anarta kada a kauce wa tsari ko kaɗan. A Faransanci kalmar ita ce dai wadda ake yabon mijin da ba ya leƙe-leƙe da ita. Duk lokacin da na raɗa wa Dakta Mahamadu ita a kunne, sai ya ce mini da Hausa, "Ki kwantar mata da hankali, matata ɗaya." Wannan ban kai ba, don ni ya gaya wa.

A Yamai abin bai yi ba. A unguwannin da Dakta Mahamadu yake aiki, dattawa wanzami ke bi har gida da zabirarsa, wasu kuma 'ya'yansu ke yi musu. Na'urori suka zauna a kwali. Rahoto ya fito cewa ɓangaren Yamai yana baya, kuma ni aka ba in juya masa shi. Da aka sake haɗuwa a Akra ya zo fuska a ɗaure. Ranar muka ratsa Nima a ƙafa za mu cin tuwo, sai ya tsaya cak gaban wata rumfa, benci biyu, butar shayin ataya a kan gawayi, maza suna gardamar ƙwallo. Ya ce, "Wannan fa?" Na ce bes muke ce masa. Ya ce, "Ai fada ce! Kowane lungu a Yamai akwai ta." Wani likitan Kano ya ce su majalisa suke cewa. Dakta Adjoa ta ce me ake ta nunawa, na gaya mata, nan take ta fara jero tambaya: su wa ke zama, har yaushe, wa ake jin maganarsa. A tsaye bakin kwata suka sake tsarin, ni a tsakiya ina juyawa uku-uku. Suka gane cewa ba askin ne ya yi aiki a Nima ba, zaman ne. Farfesa Helen ta yi gardama kwana biyu, sannan ta goge akwati guda a zanenta ta sake wani, kuma ita ta fi kowa murna. Wannan ya zama rubutunsu na farko tare. Ya fito da Turanci, a wata mujalla da jami'ar Dakta Mahamadu ba ta da ikon buɗewa, sai da Helen ta aiko masa da aikin nasa ya gani.

Masu bincike, in kuna son sani, kwastomomi ne masu wuyar sha'ani. Akwai mai karanta takarda da gudu kansa a ƙasa. Akwai mai fara jimla ya shiga wata ya manta ta farko, ke kuma kina riƙe da ita kamar jaririn da uwarsa ta ce yanzu za ta dawo. Akwai mai ba da barkwancin da ba ya tsallake harshe, ya tsaya yana jiran dariya yana kallonki. Da mai jin harshen kaɗan, wanda zai bar maganar da ake yi ya koma gyara miki. Duk na yi aiki da su, kuma yawancinsu mutanen kirki ne masu son abin ya yiwu.

Sai mummunar shekara. Ƙungiya ta girma, aka ce za a kafa makarantar haɗin gwiwa da za ta riƙa horar da matasa a wannan fanni, don kada ya tsaya kan mutane ƙalilan. Za a yanke shawarar inda za ta zauna a wani babban taro a garin Farfesa Helen. Taken taron shi ne haɗin gwiwa na daidai wa daida. Na ɗinka sababbin kaya, na ari rigar sanyi wurin wata 'yar Maamobi da ta taɓa zama can. Na yi layi a rana gaban ofishin jakadanci, na amsa tambayoyi har da na sunan kakata. Amsa ta zo cewa ba su gamsu zan dawo ba. Dakta Mahamadu ma haka aka ce masa a Yamai, mutumin da ke da ɗakin marasa lafiya a wuyansa da jikoki a tsakar gida. Na Kano ma aka hana yawancinsu. Dakta Adjoa ce ta samu, don a can ta yi karatu.

Saboda haka aka yi taron daidai wa daida da mu a jikin bango. Ni ina ofishin Dakta Adjoa a Akra gaban kwamfuta, ana dumso, wato an ɗauke wuta, janareto yana ruri a bayan taga. Dakta Mahamadu yana ofishinsa a Yamai. Fuskokinmu ƙanana a gefen majigi, wani yaro a zauren can yana riƙe da maɓallin muryarmu, yana buɗewa yana rufewa. In sun tafi shan kofi sai su bar mu muna kallon kujeru. Kuma duk wanda ya san taro ya san a wajen kofi ake gama magana. Suka dawo, wani shugaba a jami'ar ya karanta shawara cewa makarantar ta zauna a wurinsu, saboda sauƙin tafiye-tafiye.

Dakta Mahamadu ya ɗaga hannu. An daɗe kafin a gan shi. Da aka buɗe masa murya, bai yi Faransanci ba. Karo na farko a zaman taro ya yi Hausa. Ya ce, "Hajiya Memuna, ki faɗa musu yadda na faɗa."

Na ce, "To, Dakta."

Ya ce, "Ina aikin likita tun kafin a haifi yaron da ya duba takarduna ya ce zan gudu. Kun ce mu abokan aiki ne. Abokin aiki ba a riƙe masa murya a hannun wani. Marasa lafiyan namu ne, ƙafafun da suka yi yawon namu ne, yanzu kuma makarantar taku ce, a garin da ɗalibaina ba za su iya shiga ba. Kuna binciken abin da ke hana abu mai kyau yin aiki. Ku fara da ɗakin da kuke zaune. Ni na fita."

Na kurɓi ruwa na faɗa da Turanci, jimla bayan jimla, da "ni". Abin da mutanen zauren suka gani shi ne wata mata mai mayafi daga Maamobi tana wanke su tas, shi kuma hotonsa ya riga ya ɗauke. Ku ba wayarku wannan aikin ku gani. Kalmomin za ta iya kawowa, amma ba ta san inda ya yi shiru da gangan ba, kuma ba wanda zai kira ta daga baya ya yi mata faɗa.

Ni an kira ni. Dakta Adjoa ce, daga farfajiyar zauren. Ta ce, "Memuna, ba za ki iya zuba ɗan ruwa a ciki ba?"

Na ce, "Dakta, da ya zuba ruwa, da na kawo da ruwan."

Ta ce, "Na sani. Gaskiya ya faɗa. Amma ni ce a tsaye a gabansu."

Aka dakatar da komai, wai sai an sake nazari. A wasu ofisoshi aka riƙa cewa tafinta ce ta zafafa magana, don ya fi sauƙi a ce haka. Na koma barandar asibiti da bakin kotu, da raka 'yan albasa wajen jami'an kwastan. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya faru a unguwa. Nas ta daina zagayawa, batiran na'urori suka mutu, ba mai sauyawa. Wata rana na haɗu da Fuseini a mahaɗar Kawukudi, ya ce mini wani tela da yake aunawa duk mako, wanda nas ta sa shi a kan magani, ya bar sha da aka daina bibiya, ya faɗi a kan kekensa, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya ce, "Anti, mutanen naka ya tafi ke nan?" Na ce masa suna sake nazari. Ya ce in gaishe su.

Ana cikin haka Farfesa Helen ta sauka Akra ita kaɗai, ba taro, ba zane. Ta sa aka kawo ta gidana a Maamobi, ta zauna a kujerar roba tana gumi. Ashe ita ma ta yi ta rubuta wa ofishin jakadancinsu wasiƙu kafin taron, ba wanda ya kula ta, kuma shawarar mazaunin makarantar daga samanta ta fito. Ta ce in sake faɗa mata maganar Dakta Mahamadu a hankali. Na sake. Ta ce, "Akwai kalma ko ɗaya da take taki?" Na ce babu. Ta ce to tana so ta je Yamai, in ya yarda ya gan ta.

Sai ga shi ita ma tana bukatar biza, biza kuma tana bukatar takardar gayyata. Na kira Dakta Mahamadu na gaya masa. Na ji yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya rubuta takardar da hannunsa, da Faransanci mai kyau, ya ce ya san wannan baiwar Allah, tana da aiki da iyali a ƙasarta, kuma ya ɗauki alhakin cewa za ta koma. Ni na karanta mata. Ta ce ta cancanci wannan.

Mu uku muka tafi da Dakta Adjoa. A tsakar gidansa ya karɓe mu, a kan tabarma, ya sa aka ɗora shayi, ya ƙi taɓa maganar aiki sai da aka sha na farko da na biyu da na uku. Wannan shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi, don babu mai karanta takarda, kowa daga cikinsa yake magana, wani lokaci su uku a tare. Helen ta ba da haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Shi kuma ya ce haƙuri ya karɓa, amma ba shi ya tara su ba. Dakta Adjoa ta ba shi labarin telan Kawukudi, ta ce yayin da manya ke fushi, ga wanda ya biya. Ya sunkuyar da kai, ya ce a fadojin Yamai ma an yi irin haka. Daga nan aka fara magana ta gaske. Suka amince makarantar ba za ta zauna wuri ɗaya ba, za ta riƙa zagayawa tsakanin Akra da Yamai da Kano. Ba za a sake kiran taro a inda wani ba zai iya shiga ba. Wanda aka yi aiki a garinsa, sunansa ne a gaba. Kuma kowane ɗalibin Gana ko Najeriya sai ya zauna Yamai ya koyi Faransanci, na Yamai su zo nan su koyi Turanci. Na juya wannan sharaɗi na ƙarshe cikin harsuna uku, da murya mai daɗi, ban tsaya na yi tunanin bakin wa zai rufe ba.

Helen ta koma ta yi ta fama da shugabanninta, ba duka ta samu ba, amma ta samu abin da ya isa a tashi. Aka sauya batira, nas ta dawo zagaye. Ɗalibai suka fara zuwa, daga baya har daga ƙasashen da ba a fara da su ba. Yanzu akwai masu digiri a wannan fanni da in ka tambaye su aikinsu, sai su fara ba ka labarin wata tsohuwa da jakarta, ba su ma san uwar wa ce ba. A hankali aka rage kirana, don yaran suna juya wa junansu.

Da zagaye ya sake kawo makarantar Akra, aka yi bikin rufe zango a wani zauren taro a Nima, aka gayyaci masu aski da masu kitso da dattawa, aka ce ni ma in zo za a sallame ni da girmamawa. Aka zaunar da ni a gaba. Dakta Adjoa ta miƙe ta fara jawabi da Turanci, sai aka duba, ɗaliban da za su juya wa jama'a sun fita sauke abinci daga mota. Ta dube ni, na dube ta. Na miƙe na karɓi makirufo, na shiga juya maganarta.

Na ce, "Ni dai ban taɓa aiki da mace mai taurin kai irin Memuna ba." Zaure ya fashe da dariya. Na ce, "Na sha rantsuwa ba zan sake ɗaukarta ba." Aka sake dariya. Sai ta sassauta murya ta yi wata doguwar magana, tana kallona. Da ta tsaya na ce, "Ina godiya gare ta ƙwarai."

Dakta Mahamadu ya ɗaga hannu daga inda yake zaune, furfura ta gama cin kansa. Ya buɗe baki da Turanci, mai nauyi, yana taka kowace kalma kamar mai tsallake kwata, ya ce wa Dakta Adjoa tafinta ta yi tsallake. Sannan ya juyo ga jama'a da Hausa ya ce, "Cewa ta yi, shekaru muna magana da juna, amma ba mu fara jin juna ba sai ranar da matar nan ta ƙi rufa mana asiri. Ta ce duk ɗalibin da ke ɗakin nan, ta bakin Hajiya Memuna ya shigo."

Na sauke makirufo na ce, "Dakta, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun da ɗalibaina suka dawo daga Akra suka fara gulmata da Turanci."

Na koma kujerata. Aka kawo waakye, shinkafa da waken nan namu, aka zaunar da ni tsakanin Dakta Mahamadu da Farfesa Helen, inda na saba zama, cokali a hannu ina jiran wanda zai fara magana in ajiye. Suka fara hira ta saman kaina, shi da Turancinsa mai ɗingishi, ita tana cusa Faransancin da ta tsinta, ba wanda ya waiwaye ni. Ranar na fara cin abincin taro da zafinsa.